Tayar da Tsohuwar Peugeot 504 a Gida: Kimiyyar da ke Cikin Gyaran Inji da Giya

A yawancin garuruwan ƙasar Hausa, da wuya mutum ya zagaya unguwa bai ci karo da wata tsohuwar mota da aka jingine a gindin katanga ba, tayoyinta sun sace, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Sau da yawa za a tarar Peugeot 504 ce, wadda jama'a ke kira Fijo. Mai irin wannan mota yakan tsaya tsakanin shawara biyu: ko ya sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin nauyin ƙarfenta, ko ya kwance injinta da giyarta ya sabunta su. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma aikin yana da sharuɗɗa. Ƙwayar yashi ɗaya da aka bari a hanyar mai tana iya lalata kayan da aka sayo da albashin watanni, sannan wasu daga cikin abubuwan da ake taɓawa suna cutar da mai aikin da iyalinsa. Wannan maƙala za ta bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, tare da bayyana dalilin kowane mataki.

Asalin motar

An fara ƙera Peugeot 504 a Faransa a shekarar 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai a 1969. A 1975 Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka da ita. A wannan shekarar ce kuma masana'antar haɗa motocin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki. An daina ƙera salun ɗinta a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har zuwa 2006. Wannan shi ya sa har yau ake samun kayan gyaranta da kanikawan da suka san ta ciki da waje.

Injin fetur da aka fi sani a cikinta yana da silinda 4, faɗin kowace milimita 88, fistan kuma yana tafiyar milimita 81 daga sama zuwa ƙasa. Idan aka lissafa, girman injin ya kama kimanin lita 2. Gangar jikinsa ƙarfen zubi ce, kan silinda kuwa na sanholo ne. Babban abin da ya sa ya dace da gyaran gida shi ne, silindojinsa ba a jikin gangar aka huda su ba. Kowace silinda bututu ce mai zaman kanta, wadda kanikawa ke kira silib, ana zare ta a sa sabuwa tare da fistan da ringinta.

Abin da ke cinye inji

Injin yana aiki ne bisa tsarin bugu huɗu da Nikolaus Otto ya daidaita a Jamus a 1876: zuƙar iska da fetur, matse su, ƙona su, sannan fitar da hayaƙi. Idan injin na juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane fistan yana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa guda, wuta kuma tana tashi sau 100 a daƙiƙa a silindojin huɗu. To, me ke hana ƙarfe ya cinye ɗan'uwansa a wannan gudu?

Amsar ta fito ne daga wani gwaji da Beauchamp Tower ya yi a Ingila a 1883. Ya huda rami a mazaunin wani sandan ƙarfe mai juyawa cikin mai, ya toshe ramin da katako, sai ya ga man yana turo katakon waje. A 1886 Osborne Reynolds ya bayyana dalili: ƙarfe mai juyawa yana jawo mai zuwa cikin matsattsen wuri, man kuma ya ɗaga shi, har ya zama yana yawo a kan mai ba tare da ya taɓa mazauninsa ba. Haka ruwan gaɓa ke taimakon guringuntsi a gwiwar ɗan Adam. Sai dai kaurin wannan shimfiɗar mai, a inda ta fi siranta, yakan gaza faɗin jan ƙwayar jini ɗaya, wato kimanin milimita 0.007.

Daga nan za a gane illar ƙura. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai tauri fiye da ƙarfen inji. Duk ƙwayar da ta fi shimfiɗar man kauri, to karce ƙarfe za ta yi. Bugu da ƙari, ƙona lita ɗaya ta fetur yana samar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Kaɗan daga cikinsa yana sulalewa ta gefen ringi ya gauraya da baƙin mai da kunkunniya, ya zama wata baƙar laka mai toshe hanyoyin mai.

Inji yakan faɗi ciwonsa kafin a buɗe shi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta ƙonewar baƙin mai, wato ringi ko hanyoyin bawul sun ci. Baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya yi yawa, abin da sau da yawa gyaran kafireto kaɗai ke magancewa. Farin hayaƙi da ba ya yankewa, ko baƙin mai da ya koma launin shayi da madara, yana nuna ruwa ya sami hanyar shiga, galibi ta gaskit. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji kuwa, musamman in fitilar mai na kamawa, tana nufin mazaunan karanshaf sun ƙare.

Shiri da kwancewa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a taɓa noti ɗaya, a tanadi littafin gyara na wannan samfurin, da tebur mai ƙarfi, da wuri mai daɓen siminti inda iska ke ratsawa, nesa da madafa, kuma inda yara ba sa shiga. A cire batir, a tsiyaye baƙin mai da ruwan lagireto da man giya, kowane a mazubinsa. Injin ya fi buhun masara nauyi, don haka da sarƙar ɗaga kaya ake fitar da shi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sai an tokare ta da matokara masu ƙarfi.

Ƙa'idar kwancewa ɗaya ce: kowane abu ya koma inda ya fito. Ƙarafan da suka shekara suna gogar juna sun riga sun saba, kowane ya ɗauki siffar abokinsa. Saboda haka a huda kwali a jera bawul takwas bisa tsarinsu, a sa lamba a kan kowane kwanrod da murfinsa, a zuba ƙananan kusoshi a gwangwanaye masu rubutu, a kuma ɗauki hoton kowane sashe da wayar hannu kafin a raba shi. A lura cewa a wannan inji ana fara ƙirga silinda ne daga ɓangaren kuloci.

Kusoshin kan silinda ana sassauta su ne kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya, bayan injin ya huce sarai, domin sanholo yana saurin lanƙwasa. Idan kan silinda kaɗai za a gyara, wajibi ne a danne silib ɗin da ƙarfe da kusa kafin a juya karanshaf. In ba haka ba fistan zai ɗaga su, hatimin da ke gindinsu ya motsa, ruwa ya riƙa zuba cikin mai.

Wanki

Fiye da rabin lokacin aikin a wanki yake tafiya, kuma a nan ne darasin ilmin sinadarai yake. Ruwa ba ya narkar da mai, domin ƙwayoyin ruwa suna da ɓangare mai cajin lantarki kaɗan, suna manne wa juna, su ture ƙwayoyin mai waɗanda ba su da shi. Mai sai ɗan'uwansa mai. Shi ya sa kananzir ko man gas ke kwance maiƙon da ya daskare. Mutane da yawa sun fi son fetur don yana saurin bushewa, alhali wannan saurin shi ne haɗarinsa. Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, shi kuwa kananzir mai kyau sai zafinsa ya kai wajen digiri 38. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar ruwa har ya isa murhun da ke can gefen tsakar gida.

Bayan kananzir sai ruwan zafi da sabulu. Ƙwayar sabulu tana da kai biyu, ɗaya na son ruwa, ɗaya na son mai. Sukan kewaye ɗigon mai su tafi da shi cikin ruwa, tare da dattin da ke maƙale a jikinsa. Wannan shi ne irin aikin da ruwan matsarmama ke yi wa kitse a cikin hanji.

Wasu kan jiƙa gangar inji a ruwan soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Tana cire tsohon fenti da ƙonannen datti daga ƙarfen zubi, amma tana cin sanholo, tana kuma fitar da iskar haidirojin mai kama wuta yayin da take cin sa. Ke nan kan silinda da fistan da kwanson giya ba sa shiga soda ko kaɗan. A kuma tuna cewa santsin da ake ji a yatsa idan soda ta taɓa shi, kitsen fata ne take mayarwa sabulu. Ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. A sa safar roba da tabarau, kuma soda ake zubawa a ruwa a hankali, ba ruwa ake zuba wa soda ba.

Farin dutse da tsatsar da ke taruwa a hanyoyin ruwa, musamman inda aka daɗe ana zuba ruwan rijiya, suna hana zafi fita. Asid mai rauni, irin wanda ke cikin lemon tsami, yana narkar da su, sannan a ɗauraye sosai. Hanyoyin mai da ke cikin ganga da cikin karanshaf kuwa, a bi kowace da siririn burushi, a hura mata iska, har sai abin da ke fitowa ya fito fes. Gwajin ƙarshe shi ne a shafa farin ƙyalle mai ɗan mai a cikin silinda. In ya fito da toka-toka, wanki bai ƙare ba. Ƙarfen da aka wanke yana fara tsatsa cikin 'yan mintoci, don haka a busar da shi nan take, a shafa mai, a rufe da leda.

Awo

Ido ba ya ganin lalacewar da ke kashe inji. Tazarar da ake bukata tsakanin karanshaf da ɓawon da yake juyi a kai, wanda kanikawa ke kira metal, a injuna masu wannan girma takan kasance tsakanin milimita 0.03 da 0.07, wato ba ta wuce kaurin silin gashi ba. In ta yi yawa, mai zai tsere ta gefe, ƙarfin turinsa ya faɗi. In ta yi kaɗan, mai ba zai shiga ba, ƙarfe ya yi zafi ya kame. Da maikuromita ake auna wuyan karanshaf a wurare da dama, don a ga ko ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. In ya koma, ba aikin gida ba ne. Sai a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su rage shi, a sayo metal mai kaurin da ya dace da sabon awon.

Kan silinda ana gwada shi da miƙaƙƙen ƙarfe da siraran ma'aunan tazara. Sanholo yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, shi ya sa injin da ya taɓa tafasa yakan bar kan silinda a karkace. Bawul kuma ana wasa bakinsa a mazauninsa da man wasa ƙarfe, ana murza shi tsakanin tafuka kamar maburgi, har sai zobe mai launin toka ya kewaye shi ba yankewa. Sannan a mayar da shi, a zuba kananzir ta bayansa, a ga ko zai ɗiga. Haka nan a sa kowane ringi shi kaɗai a cikin silinda a auna tazarar bakinsa. Ringin da ba shi da tazara, in ya yi zafi ya buɗe, ba shi da inda zai je sai ya karye ko ya karce silinda.

Akwatin giya

Inji ba shi da ƙarfin tayar da mota daga tsaye sai da taimakon giya. Idan faifai mai haƙora 20 yana juya mai haƙora 40, na biyun zai yi juyi ɗaya a duk juyi biyu na na farkon, amma da ƙarfin murɗawa ninki biyu. An sayar da gudu an sayi ƙarfi ke nan. A akwatin 504 mai giya huɗu, inji yana juyi sama da uku da rabi a giya ta ɗaya kafin sandan da ke fita ya yi juyi guda, a giya ta huɗu kuwa tare suke juyawa.

Haƙoran giyoyin gaba kullum a sarƙe suke da juna. Abin da liba ke yi shi ne tura wani zobe ya kulle giyar da ake so da sandan. Kafin ya kulle, wani zoben tagulla yakan fara gogar giyar ya daidaita gudunsu, dabarar da aka fara sa wa motocin Cadillac a Amurka a 1928. Idan giya na karta lokacin canzawa alhali kuloci lafiya yake, wannan zoben ne ya ci. Idan giya na fita da kanta, a duba ƙananan haƙoran kullewa, da cokulan da ke tura zobba, da 'yan sifirin da ke riƙe su. Kukan da ake ji mota na tsaye, wanda ke ɗaukewa in an taka kuloci, yakan fito daga boris na sandan shiga. Wanda ke zuwa sai an taka kuloci kuwa, na boris ɗin kuloci ne.

A buɗe akwatin a kan faffaɗan tire, domin akwai 'yan ƙwallaye da sifirin da ke tsalle su ɓace. Duk abin da aka zare daga sanda a zura shi a waya bisa jerinsa da fuskar da yake kallo, musamman siraran wasa, domin su ne ke tsayar da tazara. A wanke boris, a ɗiga masa mai, a juya shi da yatsa; in an ji gargada, a canza shi. Kada a buga giya da guduma. In ta ƙi fita, a kai ta wurin masu injin matsa ƙarfe. A kuma zuba irin man da littafi ya ambata, domin wasu mayukan giya masu sinadarin farar wuta suna cin tagulla.

Haɗawa da tayarwa

A zaɓi ranar da babu iska mai ƙura, a yayyafa ruwa a daɓe. Duk fuskar da za ta gogi wata a shafa mata sabon mai, ban da bayan metal, wanda a bushe yake zama. Bayan ɗaure kowane murfi a juya karanshaf da hannu. In ya cije, a tsaya a nemo dalili. A karkasa bakunan ringi kada su yi layi ɗaya. A daidaita alamomin sarƙar da ke haɗa karanshaf da kamshaf, domin kamshaf juyi ɗaya yake yi a duk juyi biyu na karanshaf, kuma kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya sa bawul buɗewa ba a kan lokaci ba.

Kusa tana riƙewa ne saboda tana ɗan miƙewa kamar roba idan an ɗaure ta, bisa ƙa'idar da Robert Hooke ya wallafa a 1678. In an wuce iyakarta, ba ta komawa. Don haka da sifana mai ma'auni ake ɗaure kusoshin kan silinda, daga tsakiya zuwa gefe, a matakai, bisa adadin da ke cikin littafi. Bawul na fitar hayaƙi ana ba shi tazara fiye da na shigar fetur, saboda ya fi shan zafi.

Kafin a tayar, a cire fulogogi a yi ta buga kik har fitilar mai ta mutu. Sannan a mayar da su a tayar a fili, ana lura da zafi da yoyo. A kilomita 1,000 na farko a tafi a hankali, ba tare da lodi mai nauyi ba, sannan a canza mai da matacinsa, a sake duba ɗaurin kan silinda da tazarar bawul.

Lafiyar mai aiki da ta gida

Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kama sinadarin himogulobin na jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Ita ce ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a ɗaki. Tsohon faifan kuloci da tsofaffin gaskit kan ƙunshi asbestos, wanda zarensa ke maƙalewa a huhu ya haifar da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. A jiƙa ƙurarsu a share, kada a hura ta. Fetur yana da sinadarin benzin mai jawo sankarar jini, kuma yana ratsa fata, don haka ba abin wanke hannu ba ne.

Baƙin mai da ya gama aiki yana ƙunshe da dangin sinadaran da ke cikin kunkunniya, wadda tun 1775 likita Percivall Pott ya danganta da ciwon daji a tsakanin masu share bututun hayaƙi a Ingila. Akwai kuma dalma. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama daina amfani da fetur mai dalma, saboda haka gawayin da ke kan fistan na injin da ya daɗe a ajiye yana iya ƙunsarta. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400, ya isa ya nuna illar kawo irin wannan ƙura inda yara ke rarrafe. A kankare gawayin a jiƙe, a wanke tufafin aiki daban. Tsohon mai kuma kada a zuba shi a kwata ko masai ko kusa da rijiya, kada a shafa wa dabba don ƙazwa. Wasu ƙwayoyin bakteriya na ƙasa suna cin mai, amma a hankali ƙwarai, kuma ba sa iya kawar da dalma. A tara shi a jarka mai murfi a kai wa masu karɓa.

Kammalawa

Tsohon inji ɗaya ya ƙunshi darussan zafi da buɗewar ƙarfe, da goga, da lissafin rabo, da narkewa, da numfashi da jini. Malamin da ya samo wa ƙungiyar kimiyya ta makarantarsa mataccen injin 504 ko akwatin giya daga gareji, ya gayyato ƙwararren bakanike ya kwance shi a gaban ɗalibai, ya samar musu ɗakin gwaji mai araha. Ɗalibai su ƙirga haƙoran giya su fitar da rabonsu, su auna faɗin silinda da tafiyar fistan su gwada ko lissafinsu zai ba su lita 2. Bakanike ya san yadda ake yi, littafi ya san dalilin yin, kuma ɗalibin da ya haɗa biyun shi ne ake bukata a masana'antu. Shi kuwa mai niyyar tayar da motarsa a gida, ya riƙe abubuwa uku: tsabta, da awo, da haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.